Malam Jibrilu na Agadas da almajirinsa Usumanu

Kowa a ƙasar Hausa ya san sunan Shehu Usumanu ɗan Fodiyo. Amma ba kowa ya san malamin da ya fi shiga ransa ba. Sunansa Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Agadas.

An haifi Usumanu a shekarar 1754 a Marata, cikin ƙasar Gobir. Garin yana kusa da Galmi, a jahar Tawa ta yau. Yana yaro iyayensa suka koma Degel. Mahaifinsa ne ya karantar da shi Alƙur'ani. Daga baya ya yi wajen shekara 2 gun wani danginsu, Malam Usumanu Binduri, yana karatun fiƙihu. Sannan ya nufi Malam Jibrilu.

Malam Jibrilu mutum ne mai tsanani. Abin da littafi ya hana, ba ya yarda a yi masa kwana-kwana. Ba ya duban fuskar mai mulki ko ta mai dukiya. Ya yi wa'azi cikin Abzin, ya tsawata wa manya, har zama ya yi masa wuya. Usumanu ya yi wajen shekara 1 tare da shi, ya bi shi har Agadas. Da malam ya ɗaura niyyar hajji, almajiri bai bi shi ba, don mahaifinsa bai ba shi izini ba. Sai ya koma gida.

Zaman bai daɗe ba, amma an ga amfaninsa cikin aikin Shehu duka. Ya fita ƙauyuka yana karantarwa. Ya je Kabi, ya yi wajen shekara 5 a Zamfara. Yana magana da Hausa da Fulatanci, don manomi da makiyayi su gane. Mata suna zuwa sauraro. Waɗansu malamai suka zarge shi a kan haka, bai daina ba. Ya rubuta cewa laifi ne namiji ya bar matarsa da ɗiyarsa cikin jahilci.

Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, ya raba musu kyauta. Shehu bai karɓa ba. Maimakon dukiya ya roƙi abu 5. Cikinsu akwai a bar shi ya yi wa'azi, a saki ƴan kurkuku, a rage wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Wanda ya san halin Malam Jibrilu ya san inda Shehu ya koyi tsayawa gaban sarki ba tsoro.

Amma akwai inda suka saɓa. Malam Jibrilu ya ce musulmin da ya dage kan babban zunubi, kamar cin dukiyar maraya ko auren mata fiye da 4, ya fita daga addini. Shehu ya duba littattafai, ya ga hukuncin ya yi nauyi. Ya rubuta cewa irin wannan mutum mai saɓo ne, amma bai zama kafiri ba. Ya faɗi haka a fili. Duk da haka bai zagi malaminsa ba. Ya ci gaba da yabonsa, yana nuna cewa shi ne ya share masa hanya.

A 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Yaƙin da ya biyo baya labari ne dabam, kuma mutanen Tsibiri da Maraɗi suna da nasu bakin labarin. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta ɗauki aikin karantar da mata, tana aika malamai mata zuwa ƙauyuka.

Jama'a, sau da yawa yaro yana barin lakkol, ko babba ya bar karatu, don wai malam ya cika tsanani: yana sa a sake rubutu, ba ya yarda da fashi. Kafin a gudu, a tuna da wannan labari. Shehu ya jure wa malami mai wuya, ya ɗauki ƙwazonsa da rashin tsoronsa. Kuma karatun da ya samu shi ne ya ba shi ikon auna maganar malamin da kansa.