Ruwan rake ba ya jira: yadda ake yin mazarƙwaila

Daga Ɗan Barto zuwa Matameye, duk inda ruwa yake kusa, za ka ga rake ya yi tsaye. Amma kowace shekara kuka ɗaya muke yi. Rake ya nuna a lokaci guda, kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. Wanda ya sare nasa yana jiran motar Damagaram, kullum raken sai ƙara bushewa yake, zaƙinsa yana raguwa. Wahalar kusan shekara guda sai ta tafi a araha.

Wannan ne ya sa muka ƙetare iyaka, muka bi ta Daura da Kano, muka isa ƙasar Maƙarfi cikin jihar Kaduna. Mutanen can sun daɗe da suna wajen noman rake da yin mazarƙwaila. Mun zauna da su, mun gani, mun ɗanɗana. Ga abin da muka koyo.

Sanin raken da ya nuna

Aikin yana farawa da harshe. Rake yana ɗaukar wata 10 zuwa 12 kafin ya ƙosa. Zaƙi yana fara taruwa a gindi, sa'an nan ya hau sama. Saboda haka a yanki gaɓa ɗaya daga ƙasa, ɗaya daga sama, a tauna. Idan ta sama salam take, a ƙara haƙuri. Idan zaƙinsu ya yi kusa da juna, lokacin sara ya yi. Raken da cikinsa ya yi ja, ko yake warin tsami, a ware shi, domin zai ɓata sauran.

Matsewa

Abin matsewa ƙarafa ne masu nauyi da suke juyawa. Doki ne yake jan doguwar sanda yana kewayawa, mutum yana tura rake tsakanin ƙarafan, ruwa yana zuba cikin mazubi. A kula da hannu da bakin riga, kuma kada a bar yara kusa. Abin da ya rage bayan an matse ba a zubar da shi. Shanya shi ake yi, ya zama makamashin dafuwa. Kilo 100 na rake mai kyau yakan ba da wajen kilo 10 na mazarƙwaila.

Me ya sa ake gaggawa?

Nan ne babban darasi. A jikin rake da cikin iska akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin yis ɗin da mai burodi yake sa wa ƙullu. Abincinsu zaƙi ne. Da sun samu ruwa mai zaƙi, sai su ci, ruwan ya yi kumfa, ya juye ya zama abin sa maye, daga baya ya yi tsami. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, shi ya bayyana aikin waɗannan halittu wajen shekarar 1857. Ta wannan hanya ce mutanen Bordo, a ƙasar Faransa, suke mai da ruwan inabi giya: suna barinsa ya kwana da gangan. Mu kuwa akasin haka muke nema. Zaƙin muke so ya tsaya. Maganin abin shi ne wuta. Raken da aka sare yau a matse shi yau ko gobe, ruwan da aka matse kuma kada ya kwana.

Dafuwa

A tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, a zuba cikin babban kasko mai faɗi. Da ya fara tafasa, baƙar kumfa za ta taso. A riƙa kwashe ta da ludayi har ta ƙare, domin ita ce dauɗar da take baƙanta mazarƙwaila. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace yin wannan sana'a, sukan zuba yauƙin karan kuɓewa don ya tattaro dauɗar sama.

Bayan awa 2 zuwa 3 ruwan zai yi kauri. A nan ake gane gwani. A ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. Idan ya narke, da saura. Idan ya dunƙule a yatsa, a sauke nan take. A tuƙa shi har ya huce kaɗan, a zuba cikin ƙananan kwanoni ya daskare.

Yadda ake ɗanɗanawa

Mai saye da wayo yakan duba abu uku. Da ido: launin ƙasa-ƙasa mai haske, ba baƙi ba. Da hannu: ta yi tauri, ba ta danƙo. Da harshe: zaƙi zalla. Ɗaci alamar ƙonewa ne. Tsami alamar ruwan ya jira. Ƙasa a haƙori alamar ba a tace ba. A kurkure baki da ruwa kafin a ɗanɗana ta biyu.

Gargaɗi kan lafiya

Kada a tara ruwan rake cikin duro ko galan da aka taɓa sa maganin ƙwari, ko da an wanke. A rufe mazarƙwaila daga ƙuda, a ajiye ta wuri busasshe, za ta yi watanni. Mai ciwon suga ya sani ita ma suga ce, ya nemi shawarar likita. Yara kuwa su goge haƙora bayan sun sha.

Abin matsewa da doki sun fi ƙarfin mutum ɗaya, amma ba su fi ƙarfin ƙungiya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin sara mai zuwa, mu zauna mu lissafa: dami nawa muka sayar a araha bara, kuma nawa za mu iya dafawa bana?