Madannan kwamfuta: wane tsari ya fi dacewa da ɗalibi?

Ranar da muka fara zama gaban kwamfuta, da yatsa ɗaya muka riƙa laluben haruffa, muna mamakin abin da ya hana a jera su daga A zuwa Z. Wataƙila ku ma kun taɓa yin wannan tambaya.

Tsarin da muka saba gani sunansa QWERTY, wato haruffa shida na farko a layin sama. Wani Ba'amurke, Christopher Latham Sholes, shi ya tsara shi domin tafireta, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da ita a 1874. Kwamfuta gadonsa kawai ta yi.

Amma akwai wasu tsare-tsaren. A 1936 August Dvorak ya yi rajistar nasa, inda ya tara wasulan A, O, E, U, I a layin tsakiya ƙarƙashin hannun hagu, baƙaƙen D, H, T, N, S kuma a dama, don yatsu su rage yawo. Colemak, wanda ya fito a 2006, madannai 17 kawai ya sauya wa wuri, ya bar Z, X, C, V inda suke saboda masu kwafa da liƙawa. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun fi sabawa da AZERTY na Faransa, inda A ke zaune a gurbin Q.

Sai dai duk waɗannan an yi su ne domin Turanci ko Faransanci. Babu wanda ya tanadi gurbin ƙ, ɗ ko ɓ. Shi ya sa za ka ga an rubuta “baki” alhali “baƙi” ake nufi, ko “kafa” a maimakon “ƙafa”. Rashin lanƙwasa ɗaya yana iya juya ma'anar jimla baki ɗaya.

To, wanne za mu zaɓa? Shawararmu ita ce ku fara ƙwarewa a QWERTY. Shi za ku tarar a ɗakin kwamfuta na makaranta, da shagon intanet, da cibiyar jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Ku shafa madannan F da J, za ku ji ɗan tudu: nan ne mazaunin yatsun manuni. Daga nan ku koyi bugu da yatsu goma ba tare da kallon hannu ba.

Bayan haka ku ƙara Hausa. Windows yana da tsarin madannan Hausa a sashen harsuna, Gboard na waya ma haka. Ba sai an sayi sabon allo ba.

Wanda hannunsa ya faɗa, yake kuma sha'awar Dvorak ko Colemak, ya gwada lokacin hutu, domin makonnin farko sai saurinsa ya ragu sosai. Ana gobe jarrabawa ba a sauya wa yatsu hanya.