Kwandon Saye na Intanet: Yadda Ƙaramin Ɗan Kasuwa Zai Gina Nasa

Manomin shinkafa ko albasa a Masama, cikin ƙasar Gwandu ta Jihar Kebbi, ya saba da mai saye ya zo ya ga kaya, a yi ciniki, a miƙa kuɗi hannu da hannu. To, yaya za a yi idan mai sayen yana Kano ko Legas, ba ya ganin komai sai shafi a wayarsa? A nan ne ake bukatar abin da masana kwamfuta ke kira kwandon saye. Ayyukansa uku ne: tunawa, lissafi da tabbatar da biya.

Tunawa

Shafin intanet mantuwa gare shi. Duk lokacin da mutum ya danna wani wuri, babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin, wato saba, tana ɗaukar sa a matsayin sabon baƙo. A shekarar 1994 wani injiniya na kamfanin Netscape a Amurka, Lou Montulli, ya ƙirƙiro wata 'yar alama da ake kira kuki domin magance wannan matsala. Saba kan ba wayar mai saye wata lamba, wayar kuma ta riƙa nuna ta a kowace ziyara, tamkar tikitin da ake bai wa mai ajiya a tashar mota. Da wannan lamba ake gane cewa buhu biyu na shinkafa da aka zaɓa ɗazu na wane ne.

Lissafi

Mai karatu ya lura da kyau, domin nan ne dukiya ke salwanta. A ajiye jerin kaya da farashinsu a rumbun bayanai na saba. Daga wayar mai saye kada a karɓi komai sai lambar kaya da adadinsu. Idan aka bari farashi ya fito daga wayarsa, mai wayo zai iya mayar da buhun naira 60,000 ya koma naira 600, saba kuwa ta amince. Haka nan, a riƙa lissafi da kwabo, ba da ɓurɓushin naira ba, a kuma haɗa kuɗin mota tun kafin a nuna jimla.

Tabbatar da biya

Bai kamata ƙaramin ɗan kasuwa ya ajiye lambobin katin bankin jama'a ba. Kamfanoni irin su Paystack, wanda aka kafa a 2015, da Flutterwave, wanda aka kafa a 2016, su ne ke karɓar kuɗin a madadinsa. Sai dai kada a ɗora kaya a mota don kawai mai saye ya turo hoton shaidar biya, domin alat na bogi ya yi yawa. Wajibi ne saba ta tambayi kamfanin kai tsaye ko kuɗin sun shiga, kuma ko sun cika. Daga nan ne za a rage adadin buhunan da suka saura a rumbu.

Ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon 2023 ya nuna wa 'yan kasuwar karkara amfanin biya ta waya. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga jami'o'in da ke Aliero ko Birnin Kebbi zai iya haɗa irin wannan kwando, muddin ya kiyaye ƙa'ida guda: duk abin da ya fito daga wayar mai saye, saba ta sake binciken sa.