Bidiyo a Aji: Malam, Ka Jera Kafin Ka Kunna

Dattawan da suka yi wayo a zamanin En'e suna tuna motar majigi. Takan shigo gari da janareta da farin ƙyalle, a kafa a dandali bayan magariba, a nuna fim na noma ko tsafta irin su Baban Larai. Masu majigin nan ba sa kunna duk abin da hannunsu ya faɗa a kai. Tun daga ofis sun san faifan da zai fara da wanda zai biyo baya, ga kuma mai sharhi riƙe da lasifika yana fayyace wa jama'a da Hausa.

Yau majigin ya koma aljihun malami. Tun da aka kafa YouTube a 2005 darussa suke ta taruwa a cikinsa, daga lissafin Khan Academy zuwa na malamanmu da ke koyar da kimiyya da Hausa. A 2022 ma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF sun ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussa bisa manhajar ƙasa. Kaya kam akwai. Tsarin nan na masu majigi ne ya yi mana ƙaranci.

Ɗauki malamin kimiyya a wata sakandare ta Gagarawa ko Sule Tankarkar. Ya shigo aji, darasi minti 40 ne, ya ciro waya ya fara lalube a gaban yara. Sabis ya yi ƙasa, ɗan da'irar nan tana ta juyawa. Da ƙyar bidiyon ya buɗe sai ga talla. Yana ƙarewa, kafin malam ya ajiye alli, wayar ta zarce da kanta zuwa waƙar fim, aji ya ɓarke da dariya. Rabin lokaci ya tafi, na layin baya kuwa ko hoton ba su hango ba.

Maganin wannan shi ne jerin bidiyo. YouTube yana ba kowane mai asusu damar ya ajiye bidiyoyi wuri guda, ya raɗa wa jerin suna, ya ja wannan sama ya sauko da wancan ƙasa. Yana iya buɗe jerin ga kowa, ko ya kulle shi, ko ya bar shi ga wanda ya tura wa adireshin kaɗai. Wannan na ukun ya fi dacewa da malamai, don ana iya tura shi ta WhatsApp ga abokan aiki ba tare da an baza a kasuwa ba. Haɗa jerin bai kai minti biyar ba. Zaɓen abin da zai shiga ciki ne aikin.

Jadawalin darussan zango shi ne zai ja gaba. Jeri mai suna "Kimiyya" da bidiyo ɗari a ciki shirgi ne kawai. A ce "SS 2, Kimiyyar Sinadarai, zango na biyu", a jera mako-mako, kowane darasi bidiyo ɗaya ko biyu. Kuma kada malami ya saka abin da bai kalla daga farko har ƙarshe ba. Wani bidiyon kansa mai kyau ne amma cikinsa kuskure, wani Turancin Amurka ne mai gudu wanda ko malamin sai ya kasa kunne, wani kuma yana ɗauke da shigar da iyaye ba za su lamunta ba. Gajere ya fi: wani bincike na 2014 a kan darussan intanet na edX ya gano hankalin masu kallo yakan fara janyewa idan bidiyo ya wuce minti shida. Manya ke nan, balle yara da rana tsaka a watan Afrilu.

A ganina babban ma'auni shi ne: me yaran nan ba za su iya gani da idonsu ba? Ɗan Gagarawa da ya tashi cikin gero da riɗi da zoɓo ba ya buƙatar Bature ya nuna masa shuka. A kai shi bayan aji da ƙwayar wake da gwangwani. Amma yadda saiwa ke ratsa ƙasa, ko bugun zuciya, ko ƙwayar cuta a ƙarƙashin madubin likita, ko yadda ruwa ke sauya launi a gwajin sinadarai da WAEC da NECO ke tambaya, nan ne gani ya kori ji, musamman a makarantar da ɗakin gwaje-gwajenta ba kayan aiki.

Sai batun data da wuta. A sauke bidiyon tun a gida ko inda sabis ke da ƙarfi, a zaɓi matsakaicin ingancin hoto don data ta yi auki. Manhajar YouTube tana barin a sauke wasu, ba duka ba, kuma lokaci-lokaci sai an sake haɗa wayar da intanet. Makarantar da ke da kwamfuta tana iya sa Kolibri, manhaja ce kyauta da aka yi don wuraren da ba intanet. A kashe maɓallin zarcewa da kai na YouTube. A nemi 'yar lasifika mai caji. In ba talabijin ko majigi, a raba yara rukuni-rukuni.

In an kunna kuma, malam kada ya koma gefe ya naɗe hannu. Shi ne mai sharhin. Ya jefa tambaya kafin a fara, ya tsayar a tsakiya ya maimaita da Hausa, ya sa yaro ya faɗi abin da ya gani.

Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Sakatarorin ilimi na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar su tara malaman kowane fanni kafin a koma hutu, a raba makonni, kowa ya tace nasa, a haɗa jeri ɗaya da duk makarantun masarautar Gumel za su amfana da shi. Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma ta sa ɗalibanta masu fita koyarwar gwaji su tafi da jerinsu a waya, a duba shi yadda ake duba takardar shirin darasi.