Khuda Ki Basti: Unguwar Da Aka Hana 'Yan Baranda Sayen Fuloti

Bayan farashin siminti da kwano da katako, yau ga labari daga Pakistan, a kan cinikin fili da ginin talaka.

Kowa ya san yadda abin kan kasance idan hukuma ta yanka filaye da sunan talakawa. Ta kan yi titi, ta ja ruwa da lantarki, sa'an nan ta ɗora kuɗin duka a kan fuloti. Lebura da mai tura kura ba su iya biya. Masu hannu da shuni su saye, su ajiye, suna jiran farashi ya tashi. Talaka kuwa ya koma bakin kwata ya kafa bukka, yana kwana da tsoron rusau.

A shekarar 1986 hukumar raya birnin Haidarabad, a lardin Sindh, ƙarƙashin shugabanta Tasneem Siddiqui, ta juya tsarin. Ta lura da yadda masu yanka fili ba bisa doka ba su ke samun ciniki, watau kuɗi kaɗan, ba dogon zance na takarda, mutum ya tare nan take. Sai ta bi hanyarsu, amma da izinin doka. Aka sa wa unguwar suna Khuda Ki Basti, ma'anarsa unguwar Allah.

Ga sharaɗin da aka gindaya a wancan lokacin. Mai neman fili ya zo da iyalinsa da tukwanensa da tabarmarsa, ya zauna a masaukin da aka tanada kamar mako biyu. In an tabbata ba shi da muhalli, ya biya rufi 1,000, a nuna masa fuloti mai yadi 80 murabba'i, sauran kuɗin ya riƙa biya wata-wata. Wanda ya karɓa bai zauna ba, a ƙwace. To, wane ɗan baranda ne zai kwashe matansa ya kwana biyu a rumfa don fili ɗaya?

Ba a ce wa kowa ga irin ginin da zai yi ba. Wani ya fara da zana da kara, ya samu kuɗi ya yi ɗaki ɗaya na bulo, baɗi ya ƙara wani, ya yi katanga, ya sa kyaure. Ruwa ma da tanka aka fara kawo shi. Famfo da lambatu da lantarki sun zo daga baya, gwargwadon abin da mutanen kowane layi suka tara. Da yayyafi kogi kan cika. A 1995 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine.

Ku masu sayar da kayan gini, a nan naku rabon ya ke. Mai irin wannan gini ba ya sayen tirela guda. Buhu biyu zai saya yau, bulo hamsin jibi, bandir ɗin kwano bayan salla, amma shekara goma yana zuwa rumfarka. A unguwannin talakawa na Karachi masu buga bulo sun daɗe suna ba irin waɗannan mutane kaya bashi, har su nuna musu magini. Shi ma wanda ya san ba za a rushe masa ba, shi ne ke sakin kuɗi ya sayi siminti.

Allah ya rufa mana asiri, amin. Wassalam.