Abubuwan da ya kamata ka sani: Golden State Warriors da tsufan taurarinta

Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors ta ɗauki kofin NBA na Amurka a 2015 da 2017 da 2018, sannan ta ƙara a 2022. Yanzu magoya bayanta na tambayar ko akwai sauran ƙarfin ɗaukar wani.

Shekarun taurarin nawa?

An haifi Stephen Curry a 1988, Jimmy Butler a 1989, Draymond Green kuma a 1990. Abokin wasansu Klay Thompson ya koma Dallas a 2024. A wannan wasa, wanda ya haura 35 dattijo ne.

Tsufa yana rage gwaninta ne?

Hannun Curry bai manta hanyar kwando ba. Jiki ne ke gazawa. Wasanni 82 ake bugawa a kakar wasa, kafin a shiga zagaye huɗu na fitar da gwani, kowanne yana iya kaiwa wasa bakwai, galibi da hutun kwana ɗaya ko biyu. Matashi zai kwana ya tashi garau, amma ɗan shekara 37 da gajiyar jiya yake shiga fili.

An gani a 2025. Zuwan Butler daga Miami a Fabrairu ya farfaɗo da su, har suka fitar da Houston a wasa na bakwai. A zagaye na gaba, a wasan farko da Minnesota, sai Curry ya ji ciwo a tsokar bayan cinya. Sun ci wannan wasa, suka sha kashi huɗu a jere. Idan kambu ya ɓace, ai ɗan dambe ya shiga uku.

Me ya hana a sayo matasa?

Yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa ta tsananta wa masu kashe kuɗi fiye da ƙima: ga haraji mai nauyi, ga takunkumi a musayar 'yan wasa. Albashin manyan taurari kuwa shi ke cinye kasafin. Sun gwada rainon matasa, amma James Wiseman da suka zaɓa na biyu a 2020 bai yi abin da aka sa rai ba, aka tura shi Detroit a 2023.

An taɓa ɗaukar kofin da tsofaffin taurari?

San Antonio Spurs ta yi a 2014, tauraronta Tim Duncan yana da shekara 38. Sai dai gwarzon wasan ƙarshe Kawhi Leonard ne, ɗan shekara 22. A ganina, irin wannan magaji Warriors ta rasa.

To, za su iya?

Za su iya wahalar da kowa a zagaye ɗaya. Jure wata biyu ba tare da ciwo ba ne da wuya. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyoyi bakwai daban-daban ne suka ɗauki kofin, na 2025 kuma matasan Oklahoma City Thunder ne suka tafi da shi.