Bugun zuciya marar tsari yana kawo shanyewar jiki

Zuciya tana da ɗaki 4, biyu bisa, biyu ƙasa. Na bisa su ke karɓar jini, su miƙa ma na ƙasa, su kuma su tura shi cikin jiki. In babban mutum yana zaune lafiya, zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, bi da bi, kamar luguden matan da suka saba daka tare.

Akwai ciwon da ke ɓata wannan lugude. Ɗakunan bisa su daina matsa jini sosai, sai rawa kawai su ke yi. Bugu ya rikice: wani da sauri, wani da jinkiri. Mutum ya ji gabansa na faɗuwa ba dalili, ya gaji da ɗan aiki kaɗan, numfashi ya yi masa wuya. Wani kuwa ba ya jin kome.

Ga inda hatsarin ya ke. Jinin da ba a tura ba yana kwantawa, ya daskare, ya yi guda. In gudan ya fita ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa, sai ya toshe hanya. Nan take baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya shanye. A ƙauye sai a ce iskoki ne suka buge shi, a tsaya turare, lokaci yana wucewa. Gudan jini ne. Mai wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗuwa da shanyewar jiki wajen sau 5.

Ciwon ya fi kama tsofaffi, da masu hawan jini, da mashaya giya. Yana kama matasa ma, waɗanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata ma ƙofofin zuciya don ba a yi magani ba.

Kowa yana iya dubawa. A aza yatsa biyu bisa wuyan hannu, gindin babban yatsa, a saurara minti guda cur. In bugun ba tsari, a tafi gidan likita. Can za a auna jini, a tura mutum babbar asibiti inda na'ura ke zana bugun zuciya bisa takarda.

Lokotoro yana ba da maganin da ke hana jini daskarewa. Maganin yana da ƙarfi: in ya yi yawa yana sa zubar jini, in an bar shi guda ya dawo. Ba a sayen shi wurin ƴan tebur, ba a ara ma maƙwabci.